Sakatar Ƙofar Lambu

Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki.

Ni Walburga Haslinger, matar marigayi Benno, ta gidan bakin rafi a Tannwies, na rubuta wannan da hannuna yau Laraba ta Mako Mai Tsarki, shekarar 1968. Hankalina garau yake. Ƙafafuna ne suka ƙi ni, ƙirjina kuma yana bin sahunsu, amma kaina bai taɓu ba, don haka kada wani ya ji abin da ke ƙasa ya ce ruɗin tsufa ne. Likita ya ce wataƙila in ga idin Ista ranar Lahadi, wataƙila a yi ta ba ni.

Zuwa gare ku 'ya'yana, Vitus da Afra da Kilian. Wannan ba wasiyyar da za a jira sai na mutu a buɗe ba ce. Gobe Alhamis da hantsi Afra za ta karanta muku ita a ɗakin girki, ƙofar ɗakina a buɗe, ina ji. Vitus, na san ka, in magana ta yi maka zafi sai ka tuna shanu ba su sha ruwa ba. Gobe sun sha, zauna har ƙarshe.

Na ɗaya. Gida da gona da shanu na Vitus ne, kamar yadda mahaifinku ya tsara. Afra ta ɗauki akwatin zannuwa da carbina. Kilian ya ɗauki amyoyin zuman babansa, tunda shi kaɗai ne ƙudan ba sa harbi, ko da yake ban san inda ma'aikacin jirgin ƙasa zai kai su ba. Keken ɗinki kuwa kada kowa ya taɓa shi, zan zo kansa.

Na biyu. A saman kabad akwai gwangwanin da nake tara takardun furta zunubi, waɗannan masu hoto da Fada, limamin coci, ke miƙo wa mutum duk shekara kafin Ista, a yage gindin a ba mai hidimar coci tare da ƙwai in ya zo zagaye. Guda talatin da ɗaya ne daga shekarar da ƙanwarku Resi ta rasu. Na sha jin Afra tana nuna wa 'ya'yanta, wai su ga yadda kakarsu ba ta taɓa tsallake shekara ba. Ki daina, 'yata. Babu ko ɗaya a ciki da ta kai darajar ƙwan da na bayar a kanta.

Kun san ba a cocinmu nake furta zunubi ba. Kowace shekara sai in hau mota zuwa gari, gidan 'yan zuhudu, in shiga layin Fada Emmeram, kuna cewa don tsarkinsa ne. Tsarki kam yana da shi, Allah ya ji ƙansa, amma ba shi ya kai ni ba. Kunnensa na hagu ne ya kai ni, wanda ya mutu tun yaƙin duniya na farko. Rabin ƙauyen nan sun san wannan kunne, har da masu zama a kujerar gaba ranar Lahadi. Sai in durƙusa ta hagunsa, in ɗaga murya in ce na yi gulma, na ci nama ran Jumma'ar da aka hana, na zagi Benno a zuci. In na iso kan babban sai in sassauta, in faɗe shi cikin gyale. Ya ɗaga hannu ya sanar da gafara, ya miƙo takarda, in fito ina ce wa kaina ai na faɗa, shi ne bai ji ba. Shekara talatin da ɗaya ina yi wa Allah wayon da ko kaza ba za a yi wa ba.

Fada Emmeram ya rasu a sanyin bana. Ni kuma ga ni a kwance, sai Fada Wendelin na cocinmu ya zo shekaranjiya Litinin da mansa na shafe marasa lafiya. Wannan kuwa ko allura ta faɗi a soro zai ji. Ya zauna dab da gadon. Na yi niyyar sake tsohon wasan, sai na dubi kwalbar man nan na ce, Walburga, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa da ƙarfi, ya ji.

Abin da ya ji ba zai taɓa fita daga bakinsa ba, ko za a yanka shi. Shi ya sa dole ni in faɗa.

Na uku, kuma domin wannan na ɗauki alƙalami. An gaya muku ƙanwarku Resi ta faɗa rafi tana 'yar shekara uku saboda innarku Ottilie, ƙanwata, da aka bar mata ita, ta bar ƙofar lambu a buɗe. Ƙarya ce. Ni na bar ta. Na fita ta nan da kwandon wanki, hannuwana biyu cike, na tura ƙofar da ƙugu, na ji sarai sakatar ba ta faɗa ba, na ce yanzu zan dawo. Ottilie tana ɗaki tana yi wa Kilian wanka a lokacin. Da aka tsamo Resi a bakin injin niƙa, mahaifinku ya daka tsawa ya ce wa ya bar ƙofar, sai na dubi Ottilie. Ban ce komai ba, dubanta kawai na yi, hakan kuwa ya isa. Ita ma ta dube ni, ta san gaskiya, ta yi shiru.

Abin da shirun nan ya jawo mata kun gani da idonku. Saurayinta ya janye. Ta ƙare a ɗaki ɗaya a ƙetaren rafi tana ɗinki da hannu, mata suna janye yaransu in ta wuce. Benno ya buga wa ƙofar lambun ƙusa, ya mutu bai sani ba. Kai Vitus, kana ɗan shekara tara ka jefe ta da dutse a kan gada, na hango ta taga ban hana ka ba, har yau kuma ba ka gaishe ta. Laifi tudu ne, na taka nawa na hangi nata, na kuma koya muku hange. Ina jin kunya, kunyar da ta fi ciwon ƙirjin nan nauyi.

Fada Wendelin ya sanar da ni gafara, ya shafe ni da mai. Amma ya ce, "Baba Walburga, Allah ya yafe nasa. Sunan ƙanwarki kuwa a hannunki yake, ba a hannuna ba, ke za ki mayar." Ya so ya ba ni Jikin Almasihu, gurasar nan mai tsarki, nan take, na ce ya dakata. Shekara talatin da ɗaya ina karɓa da wannan bakin, wannan karon ba zan buɗe shi ba sai Ottilie ta ji daga gare ni. An rubuta a Linjila cewa in ka kawo sadakarka gaban bagaden Allah ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka ajiye ka je tukuna. Na sha jin ayar ina gyaɗa kai, ina tunanin da wasu ake.

Na huɗu. Gobe da an gama karatun nan, Vitus ya ɗauki guduma ya zare ƙusoshin ƙofar lambu. Da hannunsa, ba Kilian ba. Ya bi ta nan ya haye gada, ya cire hularsa a ƙofar innarsa, ya gaya mata yayarta tana roƙon ta zo. In ta ƙi, tana da gaskiya, kada wanda ya matsa mata. Sai ku ɗora ni a kujera ku kai ni. In likita ya ce sanyin zai kashe ni, ku ce masa na ji, ku ɗauke ni. Ba zan je neman ta ce ba komai ba, domin akwai komai. Zan je in faɗa ne, yafewa kuma tata ce, ta bayar ko ta riƙe.

Na biyar. Faɗa a ɗaki bai isa ba, tunda a fili aka ɓata Ottilie. Afra, ranar Jumma'a bayan an sumbaci gicciye, ki tsaya a bakin coci ki gaya wa matar mai burodi. Ita kaɗai ta isa, kafin a sake kaɗa ƙararrawar coci ranar Ista kowa ya ji har da na ƙauyen gaba. Za a yi da ni, a yi. Kada wanda ya kare ni.

Na shida. Ranar Asabar in an hura wutar Ista a farfajiyar coci, Vitus ya juye gwangwanin nan a ciki, duka talatin da ɗayan. Takardar da Fada Wendelin ya ba ni shekaranjiya ita kaɗai za a bari, a sa mini ita a hannu in an zo rufe ni. Ku kuma ku je ku furta naku kafin Lahadi, a nan cocinmu, ku ɗaga murya. Duk wanda ya nemi kunnen da ba ya ji, kansa yake cuta.

Na bakwai. Keken ɗinki na Ottilie ne. Na mahaifiyarmu ne, ita aka yi wa alkawarinsa, na riƙe. Idonta ya yi rauni yanzu, na sani, amma a kai mata. Ranar Ista in an dawo da kwandon abincin da aka sa wa albarka, a zaunar da ita a kujerata, ko ina nan ko ba na nan. A yanka ƙwai ɗaya kowa ya ci ɓari tare da ita, tunda magabata sun ce wanda ya ɓata a daji, in ya tuna da wanda suka raba ƙwan Ista zai gane hanyar gida.

Vitus, kai nake tsoro, domin kai ka ɗauko taurin kaina. Za ka ji haushina, ka ji, na cancanta. Amma kada ka ɗauke ƙiyayyar daga kan innarka ka ɗora a kaina ka ci gaba da dako. Ajiye ta gaba ɗaya, ɗana. Na ɗauke ta shekara talatin da ɗaya, na san nauyinta.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya haɗa kanku, ya hana shiru shiga tsakaninku. Ku riƙe juna, ku riƙe innarku, ku sa Resi da mahaifinku cikin addu'a, ni ma in kun iya. Ƙofar nan kuma a yi mata sakata mai kyau saboda jikokina, amma kada a ƙara buga mata ƙusa. Na bar ta a buɗe ranar da ya kamata in rufe, na bar ta a rufe duk shekarun da ya kamata in buɗe. Guduma tana bayan murhu.

Mahaifiyarku,
Walburga Haslinger