Kishin Yayana Ya Sa Na Ɗauke Batirin Babur ɗin Babanmu

Anti Kerttu,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa, don in na karanta abin da na rubuta kunya nake ji. Shekarata arba'in da bakwai, direbar bas ce ni a nan birnin Oulu, 'ya'yana biyu duk sun girma sun bar gida, amma ga ni ina cin tuwon kishi kamar yarinyar da aka ƙwace wa alewa. Kuma wai a kan babur.

Babur ɗin na marigayi babanmu ne. Tsoho ne, baƙi, mai nauyin tsiya, ya saye shi tun ina rarrafe. Ina shekara tara ya fara goya ni a kansa, hular kwanon ta yi min yawa har sai da ya cusa safa a ciki. Ina sha takwas na yi lasin. Yayana, bari in kira shi Reijo, ya girme ni da shekara shida, kuma shi tun yana yaro ba ruwansa da babur. Cewa yake ƙarar tana sa masa ciwon kai. In Baba ya kira shi gareji sai ya ce yana da karatu, ya ɗauki ƙugiyarsa ya tafi tafki kamun kifi.

Kowane watan Oktoba, kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba, ni da Baba muke kwantar da babur ɗin. Mu wanke shi, mu canza baƙin mai, mu cika tanki taf don kada ya yi tsatsa, mu shafa wa sarƙa giris, mu ɗora shi a kan katako tayoyin su bar ƙasa, mu toshe bakin salansa da tsumma saboda ɓeraye, mu lulluɓe shi da tsohon zanin gadon Mama. Batir kuma a shigo da shi kicin inda akwai ɗumi. Shekara talatin muna haka, ko bayan na yi aure na koma birni ban taɓa fashi ba. Da ciwo ya kwantar da Baba a asibiti, a gaban Reijo da matarsa Sirkka ya ce, "Babur na Auta ne, kowa ya ji." Kowa kuwa ya ji.

Matsalar ita ce ni a hawa na huɗu nake zaune, ba ni da gareji. Reijo shi ya gaji gidanmu na ƙauye kusa da Kuhmo, tafiyar awa uku da rabi daga nan, don haka can babur ɗin yake yin watannin sanyi. Daga Oktoba zuwa Mayu ba na ganinsa. Anti, ba kowa zai gane wannan kewar ba. Ina tuƙa bas cikin duhun safiya, sanyi ya kai digiri ashirin da biyar ƙasa da sifili, sai in ji hannuna na dama yana murɗa sitiyari kamar totur. Hular kwanona tana kan kabad, har buɗe ta nake in shaƙi ƙamshin cikinta. A da ina jurewa, don na san shi ma babur ɗin barci yake, ba mai taɓa shi sai na zo.

Oktoban da ya wuce da na je kwantar da shi, Reijo ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da kofin gahawa a hannu. Ya ce, "Auta, wannan tsumman da kike cusa masa a baya, mura yake yi?" Na yi dariya na yi masa bayani. Ashe da na sani da na yi shiru. Tun daga nan ya tare a garejin. Ya sa na'urar ɗumama ɗaki, ya kafa sabon kanta ya jera sifanonin Baba daga ƙarami zuwa babba, ya goge ƙarafan tayoyin ɗaya bayan ɗaya har suna ɗaukar ido. Kullum sai hoto ya shigo wayata. Kowace Lahadi kuma sai ya mayar da batir ya tayar da injin na minti biyar, wai yana so ya ji muryarsa. Na ce masa, "Yaya, ka daina, lahani kake yi masa." Ya ce, "To, Malama direba, an ji." Lahadi na zagayowa ya turo min bidiyo. Ni ina nan ina sauraron babur ɗina ta waya, shi yana tsaye a gefensa yana murmushi. Har wani maƙwabcinmu na can ya tambaye ni ko na ga yadda Reijo ya gyara babur ɗinsa. Nasa, Anti!

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni a Kirsimeti ya faru. Reijo ya tsinci wani ɗan littafi a ƙasan akwatin kayan aiki, inda Baba yake rubuta duk gyaran da ya yi wa babur ɗin da kwanan wata. Ni da na yi shekara talatin ina buɗe akwatin nan ban taɓa ɗaga kwalin da ke ƙasansa ba. Muna zaune mun gama shan kunun shinkafa, ya buɗe wani shafi ya karanta mana: "Yau Reijo ya riƙe min tocila na kwance kafireto. Yaron nan yana da hannu, ya fi ni natsuwa. Da zai riƙa shigowa garejin nan da na ji daɗi, amma ban san yadda zan ce masa ba." Sai ya fashe da kuka. Ko a jana'iza ban ga hawayensa ba. Kowa ya tashi ya dafa shi. Ni kuwa na ja littafin ina buɗe shafi bayan shafi ina neman kaina. Kin san abin da na samu? "T. ta canza baƙin mai." "T. ta ɗaure sarƙa." "T. ta ƙona kuloci, an saka sabo." Ko sunana bai rubuta cikakke ba. Ni da yatsuna suka sha daskarewa a garejin nan, harafi ɗaya na samu. Wanda ya riƙe tocila sau ɗaya ya samu layi huɗu.

Washegari da safe, Reijo yana waje yana share ƙanƙara da tarakta, na ɗauki batirin daga kicin da makullin daga ƙusa, na sa a bayan motata na yi sallama kamar ba komai. Na zaci zai kira ya yi faɗa, har na shirya amsa. Bayan kwana biyu sai ga saƙo: "Auta, batir na wajenki ko? Ki riƙa yi masa caji sau ɗaya a wata. Ki gaida yara." Shi ke nan. Ba hoto ko ɗaya tun ranar, yau mako shida. Sirkka ce ta gaya min ya yi rajistar koyon tuƙin babur a watan Afrilu, yana so ya ba ni mamaki mu fita tare. Tare a kan me? Babur ɗaya ne.

Yanzu na samu gareji na haya a unguwarmu, wani abokin aikina kuma ya ce zai ara min tirela. Ina tunanin in je ranar da na san ba sa gida in ɗauko abuna. Nawa ne ai. Amma duk safiya in na ga batirin nan kusa da tukunyar gahawa sai in ji kamar ɓarauniya. In ɗauko ko in bari? Kuma yaya mutum yake daina jin haushin wanda bai yi masa laifin komai ba?

Taki,
Mai jiran watan Mayu, Oulu

*

Mai jiran watan Mayu,

Bari in fara da inda kike da gaskiya, don kina da ita a wurare biyu. Babur naki ne. Mahaifinku ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu, kuma a duk wasiƙarki ban ga inda Reijo ya musa ba. Sannan na tambayi wani tsohon makanike da na amince da shi, ya ce tayar da injin na minti biyar cikin sanyi ba ya amfana masa komai, raɓa kawai yake tarawa a ciki. A nan yayanki ya yi kuskure, kuma ya kamata ya saurare ki tun farko.

Amma kada ki je da tirela a ɓoye. In kika yi haka, zai dawo ya tarar da gareji wayam, ya fahimci cewa ƙanwarsa ta ɗauke shi wanda za a ɓoye wa kaya. Irin wannan yana daɗewa bai warke ba, kuma ku biyu kaɗai kuka rage da kuka san mutumin nan a matsayin uba.

Game da littafin, ina ganin da zafin rai kika karanta shi. Littafin gyara ne, ba wasiyya ba. Mahaifinki ya rubuta abin da ya kasa faɗa wa ɗansa, shi da kansa ya ce bai san yadda zai ce masa ba. Ke kuwa kina gefensa kowane Oktoba, abin da yake son gaya miki ya gaya miki da baki, kina riƙe da sifana. Ki ƙirga sau nawa harafin nan naki ya fito, ki ƙirga sau nawa sunan Reijo ya fito. Ba na cewa kada ya yi miki ciwo. Kowa yana so ya ga an yabe shi a rubuce, balle da hannun wanda ba zai ƙara rubutu ba. Sai dai ki duba ta ɓangarensa: ke kin yi shekara talatin da babanku a garejin nan, shi sai yana da hamsin da uku ya gano ana jiransa a ciki, bayan mai jiran ya tafi. Goge-gogen nan da yake yi, makoki ne ya zo masa a makare. Ba zan yi mamaki ba in shi ma ya daɗe yana kishinki bai taɓa faɗa ba.

Ga abin da nake so ki yi. Ki je Kuhmo a ranar hutunki, ki sanar da su kina tafe. Ki ce masa, "Yaya, na ɗauke batir da makulli don kishi ya kama ni, ka yi haƙuri." Kada ki yi ta kwana-kwana, ya riga ya sani, saƙonsa ya nuna. Daga nan ki faɗi sharuɗɗanki a fili: babur naki ne, ba a tayar da shi sai kina nan, fitar farko ta kowace shekara taki ce. Ki kuma gode masa, don wanda ya ɗumama gareji ya goge ƙarfe kusan wata uku bai cancanci harara kawai ba.

Maganar koyon tuƙinsa kuwa, tsohon babur mai nauyi ba na ɗan koyo ba ne, kowane malamin tuƙi zai gaya masa haka. Ki taya shi neman ƙarami mai sauƙin riƙewa, ki zama ke ce mai koya masa kan hanyoyin ƙauyenku. In bayan kun yi magana har yanzu kina son babur ɗin ya dawo kusa da ke, ki kama garejin hayar, amma Reijo ya taya ki ɗora shi a tirela da hannunsa.

Kishin ba zai tafi rana ɗaya ba, kada ki jira sai ya tafi kafin ki ɗaga waya. Ki kira shi Asabar ɗin nan, tun kafin ki samo wani dalilin fasawa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, ya kai ku lokacin ɗumi lafiya.

Anti Kerttu