Tarin Duwatsun Buraima

Alhamis, 4 ga Janairu, 2024

Na biye wa Buraima. Jibi Asabar zan hau dutse, ni ɗan Haɗeja da tunda aka haife ni ban taɓa hawan abin da ya wuce soron gidanmu ba.

Buraima mutumin Damagaram ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyu. Shekararsa tara yana sauke buhunan albasa a kasuwar kayan gwari ta Aziziya, yanzu bayansa ya fara yi masa gardama. Yana cikin masu zuwa ɗan karatun da nake yi wa Hausawanmu a masallacin Ulaisha ran Juma'a bayan la'asar. Akwai wani Shakir, Bahaushe haihuwar nan ƙasar Larabawa, mai ɗan kamfanin da ke kai mutane tsaunin Tuwaiƙ lokacin sanyi. Ya ce in Buraima ya nuna ya iya jagora, zai yi masa naƙalin kafala, wato canjin ubangida, iƙamarsa ta zaman ƙasa ta koma ƙarƙashin Shakir, ya huta da dako. Asabar ɗin nan ce gwajin.

"Malam, ka zo ko don albarka," in ji shi. Ya san inda ake kama ni.

Juma'a, 5 ga Janairu

Na sayi takalmin hawan dutse a kasuwar Batha. Nauyi kamar turmi, ƙasansa duk zanen taurari. Na sha yabo a masallaci.

Asabar, 6 ga Janairu

Mun sauko. Dukanmu. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Sauran sai gobe.

Lahadi, 7 ga Janairu

Ban je darasi ba, cinyoyi sun ƙi. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin ba, don na san halina.

Mu tara ne: ni, Buraima, Shakir, sai baƙinsa shida, cikinsu har da wani likita ɗan Sudan mai yawan raha. Mun hau ta doguwar hanya, awa uku, wuri biyu sai da hannu da ƙafa. Buraima na gaba, yana taka dutse kamar tsakar gidansu, wai kiwon awaki ne ya koya masa. A sama fili ne shimfiɗe, baƙar tsakuwa iri ɗaya ko'ina, sai gaɓar da ta yanke a tsaye. Na leƙa sau ɗaya, ban ƙara ba. Shirin shi ne a sauko ta wani kwazazzabo gajere da Buraima ya gano, wanda Shakir bai taɓa bi ba. Nan ne gwajin yake.

Bayan azahar ana shan shayi, na zaga kama ruwa. Na yi nisa saboda kunya. Can sai na ga duwatsu an ɗora su kan juna, tsayin gwiwa, da fari guda a bisa. Gaba kaɗan ga wani. Gaba ga wani. Har bakwai. Makon jiya a jami'a muka gama babin masu neman albarka wurin duwatsu da itatuwa, kuma na ci jarrabawarsa da kyau. Na ce oho, har nan ma ba a bar abin nan ba! Na sa sabon takalmina na bi su ɗaya bayan ɗaya, na rushe, na watsar, fararen na yi jifa da su nesa. Na dawo ina jin na yi aikin lada. Ban gaya wa kowa ba, wai ina gudun riya.

Wajen ƙarfe biyu gajimare ya sauko ya rufe mu, da yayyafi mai sanyi. Mutum na gabanka taku goma, ba ka ganinsa. Shakir ya ce yalla, a sauka. Buraima ya ja mu, ya je, ya tsaya. Ya yi dama, ya dawo. Ya yi hagu.

Shakir ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi, "Ina alama, ya Buraima? Kai ka ce ka yi alama!"

"Na yi, mudir," in ji Buraima, wato shugaba da Larabci. "Asabar uku ina zuwa. Tari bakwai, kowane da farin dutse a kai."

Wallahi nan take na gane abin da na rushe. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmina.

Buraima ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙasa. Ya miƙe bai dubi kowa ba. Awa biyu muna kewaye a bakin gaɓa, ba a ganin inda ta ƙare, waya ba sabis, hanyar kuma ba ta cikin taswirar Shakir tunda sabuwa ce. Wani cikin baƙin ya fara kiran sunan 'ya'yansa. Ni kuwa ina ta salati a fili, ana ganin malami ne ke ƙarfafa jama'a, alhali tsoron kaina nake ji.

Kashin awaki ne ya cece mu. Buraima ya gan shi, ya ce awakin makiyaya ta nan suke sauka shan ruwa, ya bi shi a sunkuye har bakin kwazazzabon. Dutse ya jiƙe, santsi. Wani wurin da baya ake sauka, Buraima na ƙasa yana kama diddigen kowa yana sa masa a inda zai taka. Nawa ma ya kama. Likitan nan ya gurɗe ƙafa, Buraima ya karɓi jakarsa, ya ba shi kafaɗa, da wannan bayan nasa. Mun isa motoci rana na faɗuwa. Ba mu gama cire takalma ba muka ji ruwa ya fara gudu a kwazazzabon da muka baro.

A gaban kowa Shakir ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Babu naƙali. Ni ba na ba mai ƙarya ran mutane."

Buraima ya ce, "To, mudir." Shi ke nan abin da ya ce.

Talata, 9 ga Janairu

Niyyata mai kyau ce. Kuma shi wa ya ce ya ɗora fari a sama kamar wurin tsafi? Kuma ai ba wanda ya mutu.

Na duba a waya. Masu hawan dutse a duk duniya haka suke alamar hanya. Nan ma makiyaya sun gaji abin tun kakanni. Kowa ya sani, ban da mai shekara biyar a jami'a.

Juma'a, 12 ga Janairu

Na so in ce mura nake yi, amma na je karatun. Buraima ya zauna inda ya saba, jikin ginshiƙi, da filon da yake tokare bayansa. Ya yi tambaya kan shafa a kan safa lokacin sanyi. Na amsa ina kallon agogon bango. Da aka tashi ya miƙo mini ledar lemo, wai na sha wahala ran Asabar.

Lemon na nan kan tebur, na kasa ɓare ko ɗaya.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na je Aziziya da hantsi, ban ma san me zan ce ba. Na same shi bayan wata babbar mota, buhu a kafaɗa, ya ɗaure ƙugu da tsohon rawani. Ya ajiye, ya share mini kwali na zauna.

Na fara kewaye-kewaye. Na ce ko raƙuma ne suka ture duwatsun. Ya yi murmushi.

"Malam, raƙumin da ya sayi takalmi a Batha?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Ashe da ya tsuguna a cikin hazon nan, sawuna ya gani, taurarin nan reras a kan laka, a daidai gurbin tarin farko.

Na ce, "Ka sani tun a can? Me ya hana ka faɗa?"

"Haba, Malam. Kai ka ja mu salla da azahar ɗin nan. In ce kai ne, gaban baƙi? Gobe wa zai zauna karatunka?"

Na ce ai aikinsa ne ya tafi. Ya ce albasa ba ta ƙare ba. Aka kira shi daga kan mota, ya tashi a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ya koma.

Na yi kuka a tasi. Direban ɗan Pakistan ya ɗauka rasuwa aka yi mini, ya kashe rediyo.

Litinin, 15 ga Janairu

Na kira lambar Shakir sau biyu, na katse kafin ta shiga.

Laraba, 17 ga Janairu

Na je. Ofishin Shakir a unguwar Suwaidi, ɗaki ɗaya saman shagon tayoyi, igiyoyi da jarkoki ko'ina. Na shirya jawabi tun a hanya, da muƙaddima da dalilai uku. Da na zauna duk ya gudu. Na ce, "Ni na rushe su. Buraima ya gina, ni na rushe. Na ɗauka tsafi ne."

Ya dube ni. Ya tambayi mene ne tsafi, na fassara masa. Sai ya fashe da dariya har da buga tebur, ni ma na fara murmushin wauta. Dariyar ta tsaya cak. Ya koma Larabci, don Hausarsa ba ta isa ɗaukar abin da zai faɗa ba. Ya ce mutum tara. Ya ce da ruwan nan ya riga mu da rabin awa fa? Ya ce ya kira dattijo maƙaryaci a gaban mutane, ina tsaye ina salati. Ban kare kaina ba. Karon farko ke nan, ina jin, tun da na iya magana.

Ya ce ba zai yarda da bakin kowa ba yanzu, sai ya gani da idonsa. Asabar mu uku.

Da na sauko matakala sai na ji yunwa, irin wadda rabona da ita tun ranar dutsen. Na ci shinkafa da rabin kaza a shagon ƙasa, na dawo gida na ɓare lemo uku.

Asabar, 20 ga Janairu

Sama fes, sanyi na yanka kunne. Mun hau ta kwazazzabon kansa. A sama Buraima ya nuna gurbi bakwai ba tare da ya yi laluben ko ɗaya ba, duwatsun na warwatse yadda na bar su. Ni na nuna inda na jefa fararen. Mun tsinci biyar. Shakir ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, sannan ya je ya sumbaci Buraima a ka, yadda suke yi a nan. Ya ce, "Samihni, ya ammi," wato ka yafe mini, baffa. Buraima ya rasa yadda zai yi, sai gyara hula yake.

Hukuncina: in mayar da bakwai ɗin da hannuna. Na farko ya rushe sau uku. Na ɗauka tara dutse tara dutse ne. Ashe faffaɗa ake sawa ƙasa, kowane ya hau biyu, a karkata su ciki saboda iska, kuma in ka tsaya a wannan dole ka hango na gaba ko da hazo. Buraima na zaune kan dutse yana ba da umarni.

"A'a, Malam, juya shi. Ba haka ba. Sake."

Ina jin ya ji daɗin faɗin "sake" ɗin nan. Shekara biyu ina faɗa masa ita a karatu.

Yatsuna biyu sun fashe. Na bakwai ya tsaya tun karon farko, ban nuna na ji daɗi ba.

Alhamis, 25 ga Janairu

Tsohon kafilin Buraima, wato ubangidansa na da, ya amince. Buraima ya turo saƙon murya, rabinsa dariya, rabinsa hayaniyar kasuwa: "Malam, naƙali ya shiga! Yau na sauke buhuna na ƙarshe, na ce da albasa sai wata rana." Na saurara sau huɗu.

Na yi sujada a ɗaki. Allah Ya rufa mini asiri, ba don na cancanta ba.

Juma'a, 26 ga Janairu

Na faɗa wa 'yan karatu da bakina, kafin su ji a wani wuri. An yi dariya har wani tsoho na share hawaye. Ba wanda ya tashi. Sai dai yanzu in na shigo, wani ya ce a ɓoye duwatsu.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na sake zuwa. Ba wai dutsen ya shiga raina ba ne, takalmin ne bai kamata ya zauna a banza ba. Buraima na gaba da rigar kamfani, ta yi masa yawa a kafaɗa. Baƙi goma sha ɗaya, ni ne na ƙarshe a layi. Tari na huɗu ya ɗan karkace, na tsaya na gyara.

Wajen saukowa, a bakin kwazazzabo, na ga jan ƙyalle ɗaure a reshen wata ƙaya. An ƙulla shi da kyau, ƙulli uku. Babin nan ya taso mini tun daga farkonsa, har na matsa kusa. Sai na ƙwala wa Buraima kira, ya hawo yana haki, na nuna masa, na ce mene ne wannan.

Ya duba, ya zagaya, ya ce, "Wannan kam ban sani ba, Malam."

Muka bar shi a nan.

Ba wani abu ba ne. Sanyi ake yi, hannuwana na cikin aljihu.