Dutsen Rijiya Ta Bakwai

Stavanger, 4 ga Fabrairu

Adyeri abokina,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Roƙo gare ni. Ka aiko mini guntun dutsen nan da aka ciro daga rijiyar mai ta bakwai a bakin Tafkin Albert. Mun samu na'urar da ke ɗaukar hoton cikin dutse. A yini ɗaya za ta nuna ko mai yana ratsa ƙofofinsa yadda ka rubuta. Sunanka zai fito a takardar binciken da za mu wallafa.

Naka,
Farfesa Kasangaki Amooti

Kampala, 19 ga Fabrairu

Amooti,

Muna lafiya, sai dai gwiwa. Na ga "Farfesa" a ƙasan wasiƙar, na gode da tuni.

Shekara tara ina tura ruwan gishiri cikin dutsen nan, ɗigo-ɗigo, a ɗauke wuta in koma farko. Man namu kuwa ka san halinsa, da ya sha iska sai ya daskare kamar man shanu. Da bargon matata nake naɗe bututun. Kai kuma yini ɗaya.

Aji ɗaya muka yi, ni nake yi maka lissafi. Gurbin karatun waje guda ne, aka ba mai daɗin Turanci. Ka ce sunana zai fito. Na nawa a jerin marubuta?

Dutsen ba ya son tafiya. A gaida dusar ƙanƙara.

Dakta Byenkya Adyeri, har yanzu

Stavanger, 2 ga Maris

Adyeri,

Ina gaisuwa, ya gwiwar? Na biyu, tunda ka tambaya.

Dutsen ba ruwansa, kai ne kake tsoron abin da zai faɗa. Kuma ka daina kallon rigata ta farfesa. Ɗalibanka ne a kan rijiyoyin gida, kowa "Malam ya ce". Ni nan shekara ashirin ba wanda ya kira ni da sunana na gida, Amooti. In ban samo dutsen nan daga gida ba kafin Yuni, za a rufe ɗakin bincikena.

Naka dai,
Amooti

Kampala, 20 ga Maris

Amooti,

Gaisuwa mai yawa. Maganar rufe ɗakin ta yi mini daɗi kwana biyu cur, ba zan ɓoye maka ba. A na uku na kai dutsen gidan waya.

Sharaɗi ɗaya. Ko me na'urarka ta gani, ka riƙe bakinka sai bayan walimar ritayata a watan Mayu. An riga an rubuta jawabai.

Ka huta lafiya,
Adyeri