Gorunan Alwala

Litinin, 6 ga Mayu

Na ga teku.

Na rubuta ne don kada gobe in ce mafarki na yi. Motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi ta sha wata kwana, sai ga shi, shuɗi har inda ido ya gaji. Na yi salati da ƙarfi har direba ya waiwayo. Guguwa ta ce, "Malama, rufe bakin nan kar tsuntsu ya faɗa." Tun muna makarantar allo muke ce mata Guguwa, yau ga mu da furfura, sunan bai tsufa ba.

Bara, tana kwance a asibiti bayan aikin da aka yi mata a ƙirji, ta nuna mini hoton wata hasumiya mai fitila, irin wadda ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Ta ce in Allah Ya tashi kafaɗunta sai ta je can da ƙafarta, ta bakin teku, jaka a baya. Na ce ni zan raka ki. Don in kwantar mata da hankali na faɗa. Ashe ta riƙe.

Baban yara har yanzu dariya yake. Wai ni da ko kasuwa sai an kai ni.

Talata, 7 ga Mayu

Mun fara tafiya! Auta ce ta saya mini jakar goyon, ta koya mini ɗaure igiyar ƙugu. Na goyi yara biyar, babu wanda ya yi mini nauyin jakar nan.

Hanyar siririya ce, dutse a dama, ruwa a hagu. Iska mai ɗanɗanon gishiri. Fararen tsuntsaye masu kuka kamar ana yi musu rowa. Na tsinci wuri da katantanwa har aljihuna ya cika, kamar yarinya.

Masaukinmu ɗakin mata ne, gadaje sama da ƙasa. Ni aka ba sama, saboda hannun Guguwa da aikin ya taɓa. Yadda na hau tsanin nan, Allah Ya sa ba wanda ya gani.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ta gano gorunan.

Muna hutawa ta ɗaga jakata za ta matsar, ta kasa. Ta zuge, ta fito da buta, ta fito da manyan goruna biyu cike da ruwa, ban da na sha. Na ce na alwala ne, hanya ba famfo. Ta dubi gorunan, ta dubi tekun da ke gabanmu, ta sake dubana.

"Wancan fa? Kunu ne?"

Na san hukuncin. Ina 'yar shekara tara malaminmu ya biya mana cewa ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa, muka yi ta maimaitawa a garin da ko kogin kirki babu. Ni kaina na karantar da matan ajinmu na yamma haka, ba sau ɗaya ba. Amma jiya da idona na ga kare yana iyo a ciki. Na ga mataccen kifi. Ga mutane kuma suna shiga da ɗan abin da ba zan kira tufa ba. Kaina ya yarda, zuciyata ce ta ƙi. Na san waswasi ne. Sanin bai hana ni cika gorunan yau da safe ba.

Ta ce, "Allah Ya ba jakinki lafiya." Wai bayana ne jakin.

Juma'a, 10 ga Mayu

Bororo biyu a diddige. Amma mun ga wasu manyan kifaye suna tsalle a jere, har na yi tafi. Ni!

Lahadi, 12 ga Mayu

Akwai inda hanya ke bi ta kan yashi, sai ruwa ya janye ake wucewa, in ya dawo kuma shi ke nan sai gobe. Mai masaukin jiya ta ja mana kunne mu yi sauri. Ni ce ban yi sauri ba. Kowane tudu sai na sauke jaka na huta. Muka iso ruwa ya riga ya rufe wurin, igiyoyin ruwa suna ta murna a kai.

Muka koma ƙauyen baya. Kwana guda ya tafi a banza, ga tikitin jirginmu ba ya jira. Guguwa ta yi gaba, ko waiwayo ni ba ta yi ba. Da muke cin abinci dai ta ce, "Burodin nan ya yi tauri," na ce eh. Iyakar hirar ke nan.

Litinin, 13 ga Mayu

Mun tsallake yashin, Alhamdulillahi, takalma a hannu, muna gudu kamar an biyo mu. Ta dawo da dariyarta. Wata tsohuwa mai gyaran raga ta kira mu da hannu ta ba mu lemo, ba ma jin yarenta, ba ta jin namu, amma muka yi hira har da shewa. Ta taɓa jakata ta girgiza kai. Ita ma!

Daga nan ana hango hasumiyar, ƙanƙanuwa kamar allura a tsaye. Guguwa ta daɗe tana kallonta.

Talata, 14 ga Mayu

Da safe na shiga banɗaki ban ƙwanƙwasa ba, na same ta tana duba kafaɗarta a madubi. Igiyar jaka ta goge wurin aikin, ya yi ja, hannun ya ɗan kumbura. Ashe tun shekaranjiya. Ita da ta yi shekaru tana aikin jinya, ta san abin da hakan ke nufi, shi ya sa ta ɓoye.

Mai kemis ya ba da man shafawa, ya nuna jakarta ya yi alamar a'a da yatsa.

Muka zauna a bakin gado. Zangon gobe shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi tsawo, ba kanti, ba famfo. Ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Akwai bas da ke zuwa can. Ai gani gani ne." Tana faɗa tana wasa da bakin ɗankwalinta. Ban taɓa jin Guguwa ta yi magana a hankali haka ba, ko ranar da za a shiga da ita ɗakin tiyata.

Na gwada zuba kayanta a jakata. Ba su shiga ba. Na fitar da gorunan, suka shiga daidai, har da wurin maganinta.

Na mayar da gorunan. Na sake fitarwa. Tana kallona.

Laraba, 15 ga Mayu

Mun isa! Mun isa da ƙafafunmu! Bari in bi a hankali.

Na bar gorunan a kicin ɗin masauki, kusa da tukunyar shayi. Butar dai na rataye ta a jikin jaka, wofi, tana ta ƙwanƙwasa mini baya duk hanya. Guguwa ba ta ɗauki komai ba sai sanda da ruwan shanta, tana gaba tana waƙoƙinmu na yarinta da muryar nan tata mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Azahar ta same mu a wani lungu, duwatsu a baya, ba kowa. Na tsaya. Taimama ba ta halatta ga mai ruwa a gabansa, ni kuwa ruwan duniya ne kaf a gabana. Na tuɓe kambas, na naɗe hannun riga, na matsa da butata in ɗebo. Kafin in sunkuya igiyar ruwa ta zo ta jiƙa ni har gwiwa. Sanyi! Na yi ƙara irin wadda ban yi ba tun haihuwar Auta.

Na yi bisimilla. Hannu lafiya. Da na kurkure baki sai da idona ya kawo ruwa, da na shaƙa a hanci kuwa, wayyo. Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya biya mana tsarkin, bai biya mana gishirin ba. Na yi ta atishawa, Guguwa ta zube a yashi tana riƙe da ciki, tana cewa, "Sau uku ne fa, Malama, saura biyu!"

Na cika ukun. Ita ma ta yi tata, na zuba mata da buta saboda hannun. Muka yi salla a kan yashi, fuskata na bushewa tana ɗaurewa da gishiri. Na jira abin nan da ke zuwa mini bayan kowace alwala, mai cewa anya, sake dai. Ban ji shi ba. Ƙila ƙarar ruwa ce ta danne shi.

Da la'asar muka hau tudun ƙarshe. Hasumiyar fara ce, fentinta ya ɗan ɓare, ta fi ta hoton tsufa. Guguwa ta dafa bangon da hannun nan mai ciwo, ta jingina goshinta, ta daɗe. Na juya ina kallon jiragen ruwa don in ba ta wuri. Da ta ɗago sai cewa ta yi, "Kin ga hancinki kuwa? Kamar tattasai."

Na kira baban yara na nuna masa hasumiyar ta waya. Bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Ikon Allah."

Alhamis, 16 ga Mayu

Kumburin ya sauka. Gobe jirgi.

Na wanke katantanwar, zan kai wa matan aji. Kafaɗuna ciwo, amma mai daɗi.

Da asuba na sauka bakin ruwa na yi alwala. Ba wani abu ba ne, famfon masaukin ne da layi.

Guguwa ta ce mutum ɗaya ce a layin. Ban ƙirga ba.