Baban Likita

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da yara da maƙwabta. Kada rubutun nan ya ba ka mamaki, na ɗanka Dogo ne. Ni ke faɗa, shi ke rubutawa, don hannuna na dama a naɗe yake. Da kunnenka na ɗaukar waya, da na huta da takarda.

Kwana tara da saukata na zame a matakalar gidansu. An wanke ta ne, ni kuma na sauko da silifas, riƙe da kwandon wanki, wai in taya surukarka aiki. Ƙugu ya karye, wuyan hannu ma haka. An yi mini aiki, an sa ƙarfe, yanzu ina kwance a hawa na huɗu kusa da taga. Jikar da na zo gani, sai dai a kawo mini ita in shinshina, a mayar.

An ce komawata ba wannan watan ba. Ka riƙa shan maganinka, kuma kada ka bar mini tukwane a jiƙe.

Ka huta lafiya.
Taka, Maman yara

Uwargida,

Bayan gaisuwa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Shekara talatin da biyar ina ce miki silifas ba takalmin matakala ba ne, sai da kika hau jirgi kika je kika gwada a ƙasar mutane.

A shago na karanta takardarki, har guduma ta suɓuce mini. Wanzami ne ya kwantar mini da hankali, ya ce, "Baban Likita, ai matarka ta iya zaɓen wurin faɗuwa." Kuma gaskiya ya faɗa. Ki gaya mini, asibitinsu aka kai ki? Shi ya yi aikin da hannunsa, ko ya bar wa na ƙasa da shi? Mutane na tambaya, ni kuwa ban saba cewa ban sani ba. Shekara goma yaron nan bai leƙo gida ba, daga karatu sai aiki. To yau ga ranar karatun.

Tukwane suna nan lafiya, ban da guda ɗaya.

Mijinki

Malam,

Ina gaisuwa. Wannan rubutu mai kama da tonon kaza nawa ne, da hagu na yi shi, kwana uku ina fama. Ba maganar da zan sa Dogo ya rubuta ba ce.

Asibitinsu aka kawo ni. Da aka gama aikin ina farfaɗowa, na ji ana tura gadona a wani dogon baranda, fitilu na wucewa ta sama. Na ɗaga ido sai ga haɓar ɗana. Na ce a raina, ɗan albarka, likita guda ya ƙi bar wa kowa uwarsa. Washegari na gan shi yana tura wani tsoho na ɗakin gaba. Kwana biyu bayan nan, wata mata. Rigarsa ba irin ta likitoci ba ce, kuma wata 'yar mitsitsiyar nas tana aikensa, yana amsawa da sauri.

Na tambaye shi. Ya ja labule, ya zauna a bakin gado, ya kasa duban idona. A shekara ta uku jarrabawa ta kayar da shi sau biyu, makaranta ta sallame shi. Tun daga nan aikinsa tura gado da ɗaga marasa lafiya. Ka tuna abin da ya rubuto mana, cewa ya samu aiki a asibiti? Iyakar maganarsa ke nan, mu muka ƙarasa masa zancen, shi kuma ya rasa bakin gyarawa. Sunan da unguwa ke kiranka da shi, shi ya hana shi zuwa gida.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Wuni guda fuskata na bango. Amma Malam, duk wanda ya zo ɗaga ni sai na yi ƙara, ban da shi. Yakan ce in riƙe numfashi, ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗata, sai in tsinci kaina a kujera. Tsohon nan ma ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai Dogo.

Ba za a bar ni in hau jirgi ni kaɗai ba. Shi ya kamata ya rako ni, amma ya ce ba zai iya tsayawa a ƙofar shagonka a kira shi likita ba.

Allah ya ba ka haƙuri.
Taka

Uwargida,

Na gaishe ki. Sau biyu na karanta, na rufe shago tun kafin la'asar. Ba faɗuwar jarrabawar ce ta yi mini zafi ba, ni ma na sha yanka katako ba daidai ba. Abin da ya yi mini zafi, shekaru ina baza ƙaryar da ban san ƙarya ce ba. Har masu ciwo nake cewa su jira zuwansa.

Ya rako ki. Sati biyu kawai zai yi a nan. Ya yi shiru, in yi shiru, ya koma. Wa zai ce ya nuna takarda?

Mijinki

Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba mai cewa ya nuna takarda, gwiwa za a nuna masa. Wanzami da hawan jininsa, matar mai shayi da ƙafarta, duk waɗanda ka ce su jira, ranar da ya sauka za su cika mana tsakar gida. Ko ya duba su ya ci amanarsu, ko ya buɗe baki ya kunyata ka a gabansu. Duk biyun ba zai yi ba.

Sunan nan kai ka amsa shi, ba shi ba. Ni dai so nake in shiga gidana ɗana na riƙe da ni. In ba hali, a nemo baƙo ya rako ni, shi kuma mu ci gaba da ganinsa a hoto.

Na bar ka lafiya.
Taka

Dogo,

Gaisuwa gare ka da iyalinka. Jiya na je aski, shago cike da mutane. Na jira sai da aka shafa mini sabulu don kada in gudu, sannan na faɗa musu gaskiya. Wanzami ya tambaya to yanzu da me zai kira ni, na ce da sunan da ubana ya raɗa mini. Wani ya yi dariya. Ga ni dai, ban mutu ba.

Na buga wa matakalar ƙofa abin dafawa, na ƙara wa gadon uwarka tsawon ƙafa. Iyakar abin da kafinta ya iya ke nan. Ɗaga ta daga gado zuwa kujera ban iya ba, kuma ina tsoron in ji mata ciwo.

Ka kawo ta, ka zauna har sai ka koya mini.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka