Lakata Ta Zama Murhu

Talata da dare, Kakuri, 1956

Wata huɗu ina bin masu haƙar rijiya, ina ɗibar laka daga kowane zurfi, kowace a ƙwaryarta, don in gano yadda damina take a zamanin da. Ta can ƙasa baƙa ce, cike da ɓawon katantanwa. Tafki aka taɓa yi a nan.

Yau na dawo daga Zariya na tarar Iya mai gidanmu ta kwaɓa lakar duka ta yaɓe murhu. Ta ce, "Malam, lakar nan taka akwai danƙo, Allah ya yi albarka."

Me zan ce mata? Rijiyoyin an ɗaure su da siminti tuni.

Ta aiko min da tuwon da ta tuƙa a kai. Na ci.