Itacen Gagare da Katangar Baba Mani

Batsari,
Ran 16 ga Mayu, 1948.

Zuwa ga yayana abin girmamawa, Malam Armaya'u, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi daga ƙanenka Hashimu. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk wanda ke tare da kai, Ya albarkaci kasuwa, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Inno tana nan garau, ban da ƙafar nan tata ta hagu da ba ta barinta ta yi nisa. Maiɗakina Kande ta sauka lafiya kafin azumin tsofaffi, an sami mace, uwa da jaririya duk suna cikin ƙoshin lafiya. Goron da ka aiko ta hannun Jinjiri ya iso bai yi komai ba, Inno ta raba wa dangi har Tsaskiya, ta ce Allah Ya yi maka albarka. Ruwa ya sauka sau biyu, mutane sun fara shuka a jigawa, mu dai muna jiran na uku.

Bayan gaisuwa, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ka tuna na aiko maka cewa soron benen marigayi Baba ya tsage ta yamma, wajen katangar da ta raba mu da gidan Baba Mani baduku. Da sanyi ya wuce na kira Gagare, maginin nan na Yasore. Da yake tsagewar a sama take, sai ya kafa dirkoki shida a jikin soron, ya gitta azara, wasu ya cusa kawunansu cikin bango, ya shimfiɗa itace hawa biyu inda zai riƙa tsayawa, ya ɗaure da igiyar rama, ya jingina tsani. Aiki kam ya yi shi yadda ake so. Ya ɗinke tsagewar, ya yi yaɓe, ya shafe da makuba, ya sake indararo. In ka ga soron yanzu sai ka ce bana aka gina shi. Saura kwana ɗaya ya kwance itacensa sai ga saƙo daga wajen dagaci, wai ana neman magina a Safana za a gina masaukin Bature kafin rangadi. Ko sallamar kirki bai samu ya yi mana ba. Ya tafi ya bar itacen tsaye, mako ya wuce, wata ya wuce, har aka shiga na biyu.

Da farko ban damu ba, har Kande tana shanya kuɓewa a kai. Abin da ban lura da shi ba, duk wanda ya taka hawan farko, tsakar gidan Baba Mani gaba ɗaya yana gabansa, ga kuma Amariya matar ɗansa a ciki. Ni kuwa ka san ran kasuwa fatake na sauka a zaurenmu. Sai na ga Baba Mani ya daina zuwa hirar la'asar da ya saba tun Baba na da rai. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice ya wuce. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ja ni gefe, ya ce sau biyu yana dawowa daga kasuwa ya hangi itacen nan yana motsi, ya ga kan mutum ya noƙe bayan katanga. Ya ce shekara talatin da wani abu yana maƙwabtaka da mahaifinmu ba a taɓa leƙa masa gida ba, in baƙina sun fi shi daraja a wurina in faɗa masa, shi zai kai magana gaban dagaci. Yaya, ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Mutumin da ya yi maka huɗuba, ya yi mini, shi ne yake magana da ni idonsa na kallon ƙasa.

Na koma gida na ɗauko gatari zan sare igiyoyin. Inno ta fito ta tsaya gabana, ta ce kayan mutum amana ne, ba a taɓa itacen magini ba ya nan, kuma in na fizge azarar nan na rushe wa Baba soro ba ta yafe ba. Na yi mamakin zafin da ta ɗauka, amma na mayar da gatari. Kashegari na ari keke na kama hanyar Safana, rabin tafiyar ina tura shi cikin rairayi. Na tarar da Gagare a bisa bango jikinsa duk laka. Ya ba ni haƙuri ƙwarai, ya ce ba a barin kowa ya fita sai an rufe ɗaki, amma saura kamar kwana goma. Ya ce gaskiyar Inno ce, azarar da ke cikin bango in aka zare ba a toshe ramukan da sabuwar ƙasa nan take ba, ruwan farko zai bi ta nan ya jiƙa bangon ta ciki. Abin da zan iya yi kawai, in ɗauke tsanin, in kwance shimfiɗar ƙasa, yadda ba mai iya hawa.

Na kwana can, na yi sammako, na iso gida wajen azahar, alhali sun zaci sai magariba. Ina shiga tsakar gida na ɗaga kai, sai ga Inno zaune a hawan farko, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, tana zura ƙwarya da igiya zuwa bayan katanga, tana dariya irin wadda rabona da ji tun rasuwar Baba. Ashe ita ce mai leƙen. Ka san Iyatu matar Baba Mani ƙawarta ce tun suna amare. To tun da sanyi ciwon ƙashi ya zaunar da Iyatu, ba ta ko iya fita zaure. Ƙofarsu kuma ta kasuwa take kallo, tamu gabas, kafin Inno ta zagaya da ƙafar nan sai ta huta sau uku, ta kwana biyu tana jinya. Da ta ga matakala huɗu kawai ke tsakaninta da ƙawarta, sai ta riƙa faƙon na fita. Amariya takan shimfiɗa wa Iyatu tabarma a gindin katanga, su yi ta hira, Inno ta zura mata kunun tsamiya. In sun ji tarin Baba Mani sai Inno ta noƙe. Kande ta sani, Amariya ta sani, mu maza biyu ne kawai muke ta ɗaure wa juna fuska. Da ta gan ni ko kunya ba ta ji ba, cewa ta yi in riƙe mata tsani ta sauko.

Ban ko sha ruwa ba na nufi rumfar Baba Mani, na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ajiye basilla ya sunkuyar da kai. Can sai na ga kafaɗarsa na rawa, yana dariya yana share hawaye da hannun riga. Ya ce dama yana ta mamakin yadda Iyatu ta koma cin abinci, har ya ba mai maganin da ke zuwa daga Ruma tukuicin takalmi, ashe Inno ce maganin. Ya ce in yafe masa zargin da ya yi wa baƙina, na ce ni ne mai laifi da ban zo na shaida masa halin da ake ciki tun farko ba. Ranar ya zo hirar la'asar, kuma da bakinsa ya ce kada in taɓa tsanin nan sai mai shi ya dawo, sai dai ran kasuwa in kwantar da shi.

Gagare ya cika alkawari, ran kwana na goma sha ɗaya ya iso. Kafin azahar ya kwance komai, ya toshe ramuka, ya shafe, ya ɗora itacensa a jakuna. Kwana uku bayan nan aka yi ruwa mai ƙarfi, na hau benen na dudduba, ko ɗigo babu. Kowa ya yi murna ban da Inno. Tun da aka sauke dirkar ƙarshe ta shige ɗaki, tuwo ma sai da Kande ta yi ta lallashi. Can gidan kuma Amariya ta ce Iyatu ta juya fuska bango. Sai ga Baba Mani da sassafe, ya ce ya yi tunani, me zai hana a huda ƙaramar ƙofa a katangar, daidai wucewar tsohuwa, a sa mata ƙyaure. Na ce na ji daɗin maganar, amma katanga ta Baba ce, ina da yaya, ba na taɓa ta sai da izininsa, takarda kuwa kafin ta je Kumasi ta dawo damina ta yi nisa. Ya ce to, ai kaurin katangar rabi nasa ne, shi zai sa Gagare ya sassaƙe nasa rabin ya tsaya a tsakiya, in amsarka ta zo mu ƙarasa namu.

Haka aka yi, sai dai ba a tsaya a tsakiya ba. Gagare yana sara daga can, Inno ta jawo kujera ta zauna daga nan tana saurare. Da ta ji saran ya matso sai ta ɗauki taɓarya ta daki wurin sau biyu, ƙasa ta zube, ga fuskar Gagare. Ta ce masa ita ta haifi mai izinin, ya ci gaba da aikinsa. Saboda haka, Yaya, izinin da nake nema na abin da an riga an yi ne, ka yi mini afuwa. Ƙofar ba ta da girma, an sa mata azara biyu a sama, Gagare ya ce katangar ba za ta motsa ba. Yanzu haka da nake rubutun nan Inno tana can wurin Iyatu, ina jiyo muryoyinsu su biyu suna gardama a kan shekarar da aka haife ka.

Inno tana gaishe ka, ta ce ka zo da babbar salla ko don ka ga jaririya. Baba Mani da Iyatu suna gaisuwa, haka Kande da Gambo da mutanen Tsaskiya. Ka gaishe mini da Yaya Jika da yara, da Malam Hamma maigidanka, da duk 'yan ƙasarmu da ke nan zango. Allah Ya sada mu cikin alheri, amin.

Ni ne ƙanenka mai biyayya,
Hashimu.